Tafasar da Kika Yi wa Ban Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan rahamar Ubangiji tana isa gare ki inda kike kwance. Ni ce Kulu, autarki, nake rubuto miki daga ɗakina a Jega. Mu nan lafiya lau muke. An yi ruwan shuka, ƙasa ta sha ta ƙoshi, mutanen Jandutsi duk sun fita gona da sungumi.

Na san wasiƙa ba ta zuwa kabari. Na kuma san wasu za su karanta wannan, 'yan uwa da waɗanda ba su taɓa jin sunanki ba, kuma haka nake so. Tun da aka yi walimar sabon gidan Yaya Sahabi ban je ba, ake ta aiko mini da manya. Kowa tambayarsa ɗaya ce, wai a kan fure zan juya wa wana baya, uwa ɗaya uba ɗaya? Na gaji da amsa wa mutane ɗai-ɗai. Bari in faɗa miki ke, su kuma su ji.

Kin tuna yadda gidanmu na Aliero yake zama idan damina ta kama? Garin albasa ne. Duk abin da ba ya shiga buhu ko tukunya, a wurin mutanenmu ba shuka ba ne. A duk unguwarmu ke kaɗai kike shuka abin kallo.

Kin taɓa ba ni labarin mafarinsa. Yaya Sahabi yana jariri ya kwanta ciwo, kika yi jinyarsa a asibiti nan Jega, ba ki san ko zai tashi ba. Wata ma'aikaciyar jinya, baƙuwa daga kudu, ta jera gwangwanayen fure a barandar ɗakinta, su ne idonki yake hutawa a kai idan kin gaji da kallon numfashin yaro. Ranar da aka sallame ku ta ƙulla miki 'ya'yan furen a bakin zane.

Tun bazara kike fara tara kayan shuka. Gwangwanin madara, bokitin fenti, kwanon da ya huje, randar da ta tsage, har tsohuwar tayar amalanken Baba. Ki huda gindin kowanne da ƙusa, ki shimfiɗa tsingaro, ki gauraya ƙasar juji da yashi da busasshen kashin awaki da 'yar toka. Ba kya yarda a shuka da ruwan farko. Kina cewa, "Ruwan hwari maƙaryaci na, a bari shi maimaita."

Ba ki san sunayensu na boko ba, sai kika raɗa musu naki. Akwai 'yar hantsi, mai rarrafe, wadda ba ta buɗewa sai rana ta ɗaga. Ita kike sawa a ƙwarya ki rataye a ragaya ƙarƙashin rumfa, ta yi ta zubowa ta gefe har ta taɓa kan mai wucewa. Akwai zanko, ja wur kamar na zakara. Akwai kallabi mai launi iri-iri. Akwai ƙwanduwa, rawaya mai wari, wadda awaki ba sa kusanta, ita kike jerawa a gindin katanga daga gaba, dogayen su tsaya a bayanta. 'Yar bishiyar kariyar da ke cikin tsagaggiyar randa kuwa ta girme ni.

Baba, Allah ya jiƙansa, yakan tsaya ya dafa ƙugu ya ce, "Hajo, da wagga wahala albasa kinka yi wa, da tuni mun tahi Makka." Yana faɗa yana dariya, kuma shi ne mai ɗauko miki ƙaya daga gona don kada awaki su yi ɓarna. Matan unguwa suna kiranki Baturiyar Karaye a bayan idonki, saboda can ne garinku. Kin sani, ba ki taɓa tankawa ba.

Baba ya rasu, gida ya koma hannun Yaya Sahabi. Ciwon suga kuma ya fara cin idonki a hankali, kamar yadda gara take cin azara, har ranar da kika miƙa mini hannu a tsakar gida da rana tsaka kika ce in kunna fitila.

Mun zaci shi ke nan kin bar shuka. Ashe ba mu san ki ba. Da daminar ta zo kika aiko mini in taho, na bar keken ɗinkina na zo. Ni nake ɗauko kaya, ke kike shukawa. Ki laluba bakin gwangwani, ki nutsa yatsa ki ji laimar ƙasa, ki murza iri tsakanin yatsu ki faɗi sunansa kafin in buɗe baki. Da suka yi fure, duk zuwana sai kin riƙe hannuna mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki shafa ganye ki ce, "Wagga kallabi ta. Wane launi tay yi bana?" In faɗa miki, ki gyaɗa kai kamar mai karɓar gaisuwa.

Inna, ban taɓa ganin sun yi kyau irin na wannan shekara ba. Na faɗa miki a lokacin, kika ce daɗin baki nake yi. Wallahi gaskiya ce.

A shekarar ce Yaya Sahabi ya tsunduma siyasa. Aka ce wani babban mutum mai neman kujera zai zo gari, aka damƙa wa Yaya shirya dandalin taro. Ya ɗauki abin kamar rayuwarsa ta rataya a kai.

Ana gobe taro kika kira ni a waya, muryarki cike da murna. Kika ce, "Kin ga wanki, Allah shi yi mai albarka. Shi da kainai yac ce in tahi Karaye in kwana biyu wurin Ige, har mota yaɗ ɗauko min." Kin daɗe kina son zuwa wurin ƙanwarki, ya daɗe yana ce miki babu hali. Ni ma na yi murna. Na ce Allah ya shirya shi.

Abin da ya faru bayan motarki ta tashi, daga bakin matarsa Saratu na ji shi daga baya, tana faɗa tana kuka. Ƙurar motarki ba ta kwanta ba a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Shi da yaransa suka kwashe gwangwanaye da bokitai kaf. Ragayar da kika tufka da hannunki, bai tsaya kwancewa ba, wuƙa ya sa mata. Na gindin katanga da ba a iya ɗauka, ya sa lauje ya yanke su kamar ciyawar doki, wai a watsa a kan hanyar da baƙo zai taka. Randar kariya suka gangara ta zuwa zaure, ta ƙarasa rabewa, suka ɗaure ta da igiya suka jefa a mota.

Saratu ta ce masa, "Ƙaƙa za mu yi in Inna ta dawo?" Ya ce ta sa ido ta gani.

Ya je inda ake wani gini ya kwaso bokitan fenti. Ya cika su da ƙasa. Ya tafi bayan gari ya tumɓuko tafasa da saiwarta, ya kafa a kowanne, ya jera su daidai inda naki suke. Ya ƙulla ragaya ya rataye ƙwarya da yaɗiya a ciki. Sannan ya tara mutanen gida ya ce duk wanda ya buɗe baki, ya nemi wani gidan.

Na sha juya wannan a raina. Da kwashewa kawai ya yi, da na ce son duniya ne ya rufe masa ido. Amma ya zauna ya yi tunani, ya yi gumi, ya jera bokiti bayan bokiti. Ya auna makantar uwarsa, ya ga za ta ishe shi rufin asiri.

Kika dawo daga Karaye da tsarabar daddawa da kuka. Washegari da safe kika ɗauki butarki kika fito tsakar gida kamar kullum.

Ni ban san komai ba. Ina kan keken ɗinki wayata ta yi ƙara. Wata mai kawo mini ɗinki ce ta turo wani bidiyo a guruf ɗinmu na mata, an rubuta a ƙasa, "Tsohuwa mai lambun tafasa," an bi shi da jerin fuskokin dariya. Ba ta san uwata ce ba. Na buɗe ina shirin yin dariya kamar kowa.

Na ga katangarmu. Na ga zanenki mai ruwan bula. Na gan ki kin sunkuya, hannu ɗaya riƙe da buta, ɗaya yana laluben ganye. Kika taɓa, kika tsaya jim, sannan kika zuba ruwa. Kika matsa gaba kika sake. Sai na ji murya daga bayan wayar, muryar da na sani tun ina goye, tana cewa, "Inna, huren naki sun yi kyau bana!" Kika ɗago fuska wajen muryar kika ce, "Alhamdu lillahi, Sahabi." Sai dariyar maza ta ɓarke a zaure, ana ƙoƙarin danne ta.

Abokansa ya kira su zo su ga dabararsa. Ya ɗauka, ya tura wa 'yan majalisarsu. Daga nan ya fita hannunsa, ya zaga Aliero, ya zo Jega, an ce har Maiyama ya kai. Dariyar uwata ta riga ni jin labarin uwata.

Ban san yadda na isa tasha ba. Da na sauka a gida sai na ga ƙafafuna da silifa kala biyu.

Na tarar da ke a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, yaɗiya tana lilo a saman kanki, ta fara yaushi. Na durƙusa na kasa gaisuwa. Kika laluba fuskata kika ji ta jiƙe, kika ce, "Wa yar rasu?" Na ce ba kowa. Na ce, Inna, abin da kike yi wa ban ruwa ba furenki ba ne.

Kika ce, "Kulu, ni ɗiyar ƙauye ta. Da tahwasa anka yaye ni. Tun bokitin hwari nis san ta."

Na ce to don me kike zuba mata ruwa?

Kika ce, "In na daina, shina ganewa na gane. To da wane ido za shi dube ni? Ɗana na."

Ba ki san an ɗauke ki a waya ba. Kin ji dariyar, kin zaci iyakarta zaure. Ban kai ga faɗa ba wata maƙwabciya ta shigo tana sallallami, wai ta zo jaje, ta zazzage miki komai, har da cewa ɗanta ya nuna mata a wayarsa, har a kasuwa ana kallo. Na ga hannunki ya tashi ya gyara ɗankwali, ya ja zane ya rufe gwiwa, kamar mutanen duk suna tsaye a kanki a lokacin. Kika tambaye ta, "Da wane zane anka ɗauke ni?"

Da ta fita kika ce mini abu ɗaya kike so. In tambaye shi inda ya kai su, in je in duba ko ana ba su ruwa.

Na same shi a rumbun albasa yana sa ana juya ta. Ban taɓa ɗaga masa murya ba a rayuwata, ranar ma ban ɗaga ba. Na nuna masa wayar. Ya duba, ya yi ɗan murmushi kafin ya tuna ya ɗaure fuska. Ya ce wasa ne, yara ne suka yaɗa.

Na ce, Yaya, uwarmu ce fa.

Ya ce, "Yo hure na hwa, Kulu, ba gona nis sayar ba. Makauniya mi za ta yi da hure? Ganinai takai? Shekara da shekaru suna nan cikin gida, ba mai ganinsu sai kaji. Ni nis sa duniya tag gan su. Har mai girma sai da yat tambayi wa yay yi wanga aiki." Masu juya albasar suka sunkuyar da kai. Ya juya ya ci gaba da ba su umarni, ya bar ni tsaye.

Na tafi filin da aka yi taron. An riga an kwance rumfuna, sai ledojin ruwa da yagaggun hotuna. Na ga ƙasar da kika gauraya da hannunki, tsibi-tsibi, kowanne da siffar gwangwanin da aka kifar. Wani mai shayi a gefe ya ce mini da taro ya cika, matasa suka kife bokitan suka hau kai don su hango baƙo. Bayan an watse masu jari-bola suka kwashe duk abin da yake ƙarfe. Awaki suka ƙarasa sauran. Ƙwanduwa kaɗai suka bari, ita kuma an tattake ta cikin taɓo. Kariyar na same ta a cikin kwata, saiwa a sama, an yi ta kakkarya ta.

A hanyar dawowa na yi tunanin in ce miki suna nan, wani mai kirki ya ɗauke su yana kula da su. Amma ƙaryar da aka yi miki a gidan nan ta isa. Da kika tambaya na faɗa miki yadda na gani, ban rage ba.

Ba ki yi kuka ba. Kika ce, "Har kariyar?" Na ce har ita. Kika ce to. Kika miƙo mini butar kika ce in kai ta bayan ɗaki.

Daga ranar ba ki ƙara zama a tsakar gida ba. Ko alwala a bakin ƙofar ɗaki kike yi, ki koma. Idan kin ji sallamar baƙo sai ki juya fuska bango. Kika daina zuwa suna, kika daina zuwa gaisuwar mutuwa, ke da ba a taɓa riga ki isa gidan makoki ba. Kin ce wa Saratu ba ki san wanda ya gani da wanda bai gani ba, kuma ba ki da idon da za ki karanta fuskar mutum.

Tafasar kuwa ta kama. Damina ce, ba ta bukatar kowa. Ta yi tsawo, ta yi fure, ta yi 'ya'ya a cikin bokitansa, ba wanda ya kula ya cire ta.

Na roƙi a ba ni ke in kawo ki Jega. Maigidana har ya share ɗaki. Yaya Sahabi ya ce atafau, wai so nake a ce ya kasa riƙon uwarsa, ga zaɓe yana matsowa. Na zo wurinki na ce ki sa baki. Kika ce, "Bar shi. Kar a ƙara mai magana."

Da kaka jikinki ya tsananta. Kika sa aka kira mu, mu biyu. Kika ce kin yafe mana duka, duniya da lahira, mu ma mu yafe miki. Ina jira in ji abin da zai ce. Ina jira ya kama ƙafarki. Ya ce, "Ai ba ki yi muna komi ba, Inna." Sai wayarsa ta yi ƙara, ya duba sunan, ya tashi ya fita yana cewa ranka shi daɗe. Kika bi takunsa da kunne har ya ɓace.

Ba na cewa shi ya kashe ki. Kwananki ne ya ƙare, likita kuma ya ce suga ne. Abin da na sani shi ne watanninki na ƙarshe a duniya kin yi su kina ɓuya a cikin gidan mijinki.

Ranar sadakar uku gida ya cika da manyan motoci. Ina daga ciki ina jin wani yana jawabi a waje, yana cewa samun ɗa irin Sahabi sai an tona, wanda ya riƙe uwarsa makauniya bai gaji ba, bai kai ta gidan kowa ba. Mutane suna cewa Allah shi saka mai. Wasu daga cikin masu cewa amin, na gane muryoyinsu. Na taɓa jin su suna dariya a zaure.

Mutuminsa ya ci zaɓe, Yaya ya samu abin da yake nema. Yanzu ba a kiran sunansa kai tsaye. Ya gina gida a bakin titi, hanyar Maiyama, mai dogon gini da ƙofar ƙarfe.

Ana saura kwanaki walima ya zo gidana. Rabonsa da taka ƙofata tun ina amarya. Na shimfiɗa masa darduma, na kawo ruwa, na gaishe shi yadda kika koya mini. Ya ce ya sayo manyan tukwanen siminti ya jera a gaban gida, ga kuma fili a gindin katanga, har da ƙugiyoyi a baranda na rataye kwanduna. Ya ce baƙi za su zo daga nesa, yana son wurin ya ƙayatu. Ya ce, "Ke kinka iya irin na Inna. Ki zo ki shirya min su, awa yadda takan yi. Sai mu ce don tunawa da ita."

Na daɗe ina kallon bakinsa, Inna. Na zaci zan ga wani abu ya motsa a fuskarsa. Babu. Da zuciya ɗaya yake magana, kamar mai aiken a ɗinka masa riga.

Na ce masa, Yaya, hannuna ba zai yi ba.

Ya ce zai biya ni. Na ce ba zancen biya ba ne. Sai ya gane, ya tsuke fuska ya ce, "Har yanzu wagga magana? Ita da anka yi wa ta yahe. Ke mi naki?" Ya tashi bai sha ruwan ba.

Wannan tambayar tasa ita ce duk manyan da ake aiko mini suke maimaitawa. Kawu ya zo daga Giwa Tazo ya karanta mini hukuncin mai yanke zumunci. Inna Ige ta yi mini kuka a waya, ta ce ke ba haka kike ba. Gaskiya suka faɗa, kuma ba ni da amsar da zan kayar da su. Na ce musu ban yanke shi ba. Idan mun haɗu ina durƙusawa in gaishe shi. Da 'yarsa ta kwanta ni na kwana da ita a asibiti. Idan ya riga ni mutuwa zan yi masa kuka, don jini ba ya shawara da mutum. Amma ba zan durƙusa a ƙofar gidansa in gauraya ƙasa irin taki don baƙinsa su yaba ba. Ke uwa ce, kin yafe abin da aka yi miki. Ni abin da aka yi mini daban ne. An nuna mini uwata ana yi mata dariya, kuma har yau ba wanda ya ce mini ya yi kuskure.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, sai ke.

Kin san ba kya son hoto. Duk sanda na ɗaga waya sai ki rufe fuska da gyale ki ce in bari sai kin yi kwalliya, kwalliyar da ba ki taɓa yi ba. Bayan rasuwarki na bincike wayata, na tambayi Saratu, na tambayi Inna Ige. Banda ɗan hoton katin zaɓe, wanda bai ma yi kama da ke ba, babu komai. Duk duniya babu inda kike motsi, babu inda kike numfashi, sai a cikin bidiyon Yaya Sahabi.

Na sha ɗora yatsa zan goge shi, in kasa. Idan kewarki ta taso mini ina tsakiyar ɗinki, sai in tsayar da keke in buɗe. Ina kashe sautin don kada in ji su. Sai in ga yadda kike dafa gwiwa kafin ki sunkuya, da tabon ƙunar man gyaɗa a bayan hannunki, da yadda kike karkata buta a hankali don kada ruwa ya tone saiwa, ko da saiwar tafasa ce. Amma idan na kashe sautin, muryarki ma ta tafi. Wani lokaci sai in daure in buɗe, in haɗiye dariyarsu, don kawai in ji kin ce alhamdu lillahi.

Abin da ya bar mini ke nan na gado, kuma ina riƙe da shi hannu biyu.

Innata, ki yi haƙuri na tone abin da kika rufe. Kin rufa masa asiri har kika koma ga Allah, ni na kasa. Idan na saɓa miki a nan, kin riga kin ce kin yafe duniya da lahira, ina kama bakinki.

Ya Allah, ga baiwarka Hajo, ta zo maka ba ta riƙe kowa a zuciya ba, kada ka riƙe ta da komai. Ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya shi. Ka mayar mata da ganinta, ka buɗe shi a kan abin da ido bai taɓa gani ba. Ka suturta ta ranar da asirai suke tonuwa, suturar da ba mai iya yayewa. Ka haɗa ta da Baba. Ni kuma ka tausasa zuciyata a lokacin da ka so, don har yau idan na ɗaga hannu zan roƙa wa wana alheri, sai bakina ya yi nauyi. Amin.

Sai na zo, Inna.

Autarki mai kewarki,
Kulu